Yadda Ake Gwajin Maganin Tsutsar Kabeji a Lambun Legas Bisa Ƙa'idar Bincike

Yawancin kabejin da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga jihar Filato ake kawo shi, saboda tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 a saman teku, kabeji kuwa ya fi samun yadda yake so idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 da 20. Legas ba ta da irin wannan sanyi, amma tun da aka fitar da irin da ke jure zafi, kamar KK Cross da Oxylus, mai lambu a Ojo ko wajen Alaba Rago yana iya haɗa kabeji da latas da albasa mai lawashi a lokacin rani, ya sayar wa masu suya da masu abinci na unguwarsa ba tare da kuɗin mota daga Arewa ya hau kan kayan ba. Abin da ke karya gwiwar mai yin haka shi ne tsutsa. A yi feshi yau, bayan 'yan kwanaki ganye ya sake cika da huji, a koma shago a ce a ba da wanda ya fi ƙarfi, a haɗa biyu ko uku a tanki ɗaya, kuma a ƙarshe babu wanda zai iya rantsewa cewa ga maganin da ya yi aiki. Akwai hanyar sanin gaskiyar lamarin a fili ƙarami, kuma ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu a Jami'ar Jihar Legas ko wata makaranta zai iya bin ta, haka ma ɗan mai lambu da ya iya rubutu da lissafi.

Kafin a taɓa ƙasa ya kamata a san shukar da ake aiki a kanta. Kabeji ɗan wani babban dangi ne da masana ke kira Brassicaceae, mai nau'o'i fiye da 3,500, waɗanda ake gane su da furensu mai ganye huɗu da suka gitta juna. Mastad yana cikinsu, lansir ɗin da ake kwaɗawa a gida ma yana ciki, amma latas ba ya ciki, shi ya sa tsutsar kabeji ba ta damuwa da shi. Kabeji da farin kabeji da burokoli duk nau'i ɗaya ne, wato Brassica oleracea, zaɓen manoma ne ya bambanta siffarsu. A shekarar 1935 wani masani ɗan asalin Koriya da ke aiki a Japan, Woo Jang-choon, ya nuna cewa mastad ɗin Indiya da na Habasha da shukar da ake matse man kanola sun samu ne daga barbarar nau'o'i uku na wannan dangi, kabeji ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2000 kuma wata 'yar ciyawa ta dangin, Arabidopsis thaliana, ta zama shuka ta farko da aka karanta jerin ƙwayoyin gadonta. Dangi ne da aka bincika ƙwarai a duniya. Sai dai amsar da aka samu a Turai, ko ma a Jos, ba dole ba ne ta yi daidai da yashin Ojo da laimar bakin teku, kuma wannan shi ne hujjar yin gwaji a nan.

Ɗan yajin da ake ji a ɗanyen kabeji ko lansir makami ne. Shukar tana ajiye wani sinadari mai suna gulukosinolet a ɗaki guda, tana ajiye abin da ke kunna shi a wani ɗakin dabam, idan haƙori ya fasa ganye sai su haɗu su fitar da man mastad mai korar yawancin ƙwari. Babbar abokiyar gabar kabeji, tsutsar wani ɗan ƙwaro mai fiffike wadda masana ke kira Plutella xylostella, ta juya wannan makami ya zama mata jagora: ƙanshin ne ke kiran uwar ta zo ta yi ƙwai, kuma a shekarar 2002 masu bincike a Jamus suka gano cewa tsutsar tana da wani sinadari a hanjinta da ke lalata gubar kafin ta tashi. Ita ce ƙwaron amfanin gona na farko da aka ruwaito ya daina jin maganin DDT, a tsibirin Jaba na Indonesiya a 1953, kuma ita ce ta farko da ta bijire wa maganin Bt (wanda ake yi da wata ƙwayar halitta ta ƙasa) a gona, a Hawayi wajen 1990. A ƙasa mai zafi takan kammala rayuwarta daga ƙwai zuwa uwa cikin kusan mako biyu, saboda haka kaka ɗaya ta kabeji tana ganin zuriyarta sau da yawa, kuma duk feshin da bai kashe su duka ba yana barin masu taurin rai su hayayyafa. Mai lambun da ya ce maganin bara ba ya ci bana ba lallai ne an sayar masa da jabu ba.

Mataki na farko shi ne a tsayar da tambaya ɗaya tak, a rubuta ta a shafin farko na littafi. Misali: tsakanin ruwan ƙwallon darbejiya, da maganin Bt, da maganin da mai lambun ya saba fesawa, wanne ne ya fi rage tsutsa ya kuma ba da kabejin da zai sayu? Waɗannan uku ke nan, na huɗu kuma shi ne fangalin shaida, wanda ruwa zalla za a fesa masa. Kada a ƙara tambayar taki ko ta iri a kan wannan, domin idan abu biyu suka sauya a lokaci guda ba za a san wanda ya kawo bambancin ba.

Fangalin shaida shi ne inda ake samun gardama da mai fili, kuma gara a yi ta tun kafin dashe. Dattijon da ya ba da aron wuri zai iya cewa, "Ɗana, yanzu da gangan za ka bar wa tsutsa fangali huɗu ta cinye?" Amsar da ta dace ita ce, "Baba, idan babu wanda aka bari ba magani, ba za mu san ko maganin ne ya yi aiki ko kuwa tsutsar ce ba ta zo bana ba." Amma magana kaɗai ba ta isa ba. A ganina wajibi ne a yi yarjejeniya a gaban shugaban manoman wurin cewa mai gwaji zai biya kuɗin abin da ya lalace a waɗannan fangula, domin mutumin da ke ciyar da iyali da lambu, wataƙila ma yana biyan hayar filin, ba shi ya kamata ya ɗauki asarar ilimin da kowa zai amfana da shi ba. Idan ba a yi haka ba, tausayin shukar zai sa wani ya lallaɓa da yamma ya fesa wa fangalin shaida magani, aikin wata uku ya tashi a banza.

Lokacin da ya fi dacewa a Legas shi ne a yi reno a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a dasa a Disamba, domin kabejin ya naɗe kansa a cikin ɗan sanyin hunturu, kafin zafin Maris da ruwan farko. Kafin reno akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko na iri ne: a jera ƙwaya 100 a kan tsumma mai laima, a rufe, a riƙa ƙirga waɗanda suka tsiro har kwana 10; idan ba su kai 80 ba, gara a sake iri. Na biyu na ruwa ne, kuma a nan lansir yake da amfani, tun da yakan tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu, masana ma da shi suke gwada taki da ruwa. A sami faranti biyu da auduga, a jiƙa ɗaya da ruwan rijiyar lambun, ɗaya da ruwan sha mai tsabta, a zuba ƙwaya 20 a kowanne, bayan kwana 3 a auna tsawon saiwa da rula. Idan saiwar farantin rijiya ta gajarce ƙwarai, akwai gishiri ko wani abu a ruwan, abin da ba baƙo ba ne a rijiyoyin da ke kusa da ruwan teku. Ruwan kwata kuwa bai kamata ya shigo maganar ba sam, domin ɗanye ake yanka kabejin nan a kan tsire.

Akwai wata cuta da ke bin iri, wadda ke farawa da rawaya a bakin ganye ta shiga ciki da siffar harafin V, jijiyoyin ganyen su yi baƙi. Zafi da laima irin na Legas suna taimaka mata, kuma idan ta shiga fili za ta rikita sakamakon gwaji. Idan irin ba wanda aka riga aka shafa wa magani ba ne, ana tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, a tsame a sanyaya a ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Sai da ma'aunin zafi a hannu ake wannan aiki, a cikin fulas, saboda ƙarin digiri kaɗan yana kashe irin, kuma tsohon iri ba ya jure shi. Giram ɗaya na irin kabeji yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, don haka giram 3 ya ishi gwajin. A rufe gadon reno da gidan sauro tun daga ranar shuka, a dasa bayan mako 4 zuwa 5, lokacin da tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida.

Tsarin filin shi ne zuciyar aikin. Kowane fangali ya zama mita 2.5 a tsaye da kwance, da layi 5, kowane layi da tsiro 5, tazarar santimita 50, wato tsiro 25. Magani huɗu ne, kowanne za a maimaita shi sau huɗu, fangali 16 ke nan da tsiro 400. A reni 500 domin cike gurbin waɗanda suka mutu a makon farko. Da hanyar mita ɗaya tsakanin fangula, fili mai mita 13 a kowane gefe ya wadatar. To, ba a zuba fangulan haka kawai ba. A tsaya a dubi filin da idon manomi: ina ne ya fi kusa da rijiya, ina ruwa ke kwanciya, ina inuwar katanga ko ta ayaba ke faɗawa da yamma? Sai a yanka filin gida huɗu ta yadda fangula huɗun da ke cikin kowane rukuni za su yi kama da juna a ƙasa da ruwa da rana, kuma kowane rukuni ya ƙunshi magungunan huɗu duka, sau ɗai-ɗai. Idan aka tara duk fangulan darbejiya a bakin rijiya, na shaida kuma a can ƙarshen da garwar ruwa ke isa a gajiye, rijiyar aka gwada ba darbejiya ba.

Wane fangali ne zai sami wane magani a cikin rukuni? Ƙuri'a ce za ta raba. A rubuta sunayen huɗun a 'yan takardu, a nannaɗe, a zuba a hula, a sa yaro ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya, kuma a sake sabuwar ƙuri'a ga kowane rukuni. Wannan ƙa'ida masanin lissafi Ronald Fisher ne ya kafa ta a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma a kanta gwaje-gwajen gona suke tafiya har yau. Dalilinta shi ne zuciyar mutum tana karkata ba tare da ya sani ba: wanda ya yi imani da darbejiya zai ba ta fangalin da ya fi kyau yana ganin adalci ya yi. Bayan ƙuri'a a kafa turke mai lamba daga 1 zuwa 16 a kowane fangali, lamba kawai ba sunan magani ba, taswirar kuma ta zauna a littafi. Idan da hali, wanda ke feshi dabam, wanda ke ƙirgar tsutsa dabam, kuma mai ƙirgar kada ya ga taswirar.

Duk sauran aiki dole ya zama iri ɗaya: rana ɗaya za a dasa, a gauraya manyan tsiro da ƙanana a ko'ina, takin kaji ko na zamani a auna shi da gwangwani ɗaya, ruwa garwa nawa ga wannan garwa nawa ga wancan.

Darbejiya ba ta da yawa a Legas kamar a Arewa, amma ana iya saƙon busassun ƙwallayenta ta hannun direbobin da ke kawo kaya. A fasa a fitar da ƙwayar ciki, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna, a daka giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ta kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi don kada bakin famfo ya toshe, a sa ɗan sabulu kaɗan domin ruwan ya kama ganyen kabeji mai santsi. Ba a ajiye shi, ranar da aka tace ake fesawa. Maganin Bt ƙwayar halitta ce daga ƙasa, sai tsutsa ta ci ganyen yake aiki. Takan daina ci cikin sa'o'i, ta mutu bayan kwana 2 ko 3, kuma ya fi cin ƙananan tsutsotsi. Wanda ya zo da safe bai ga gawa a ƙasa ba kada ya yanke masa hukunci. Rana tana kashe ƙarfin darbejiya da na Bt, saboda haka da la'asar sakaliya ake feshi, sau ɗaya a mako, a juya bakin famfo ya bugi ƙarƙashin ganye inda tsutsar take. Maganin shago kuwa a duba lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, a bi awon da aka rubuta ba na al'ada ba, a rubuta sunan sinadarin da ke ciki, domin kwalabe masu suna dabam-dabam sukan zama abu ɗaya, a kuma kiyaye kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. A fara da ruwa zalla, sannan darbejiya, sannan Bt, maganin shago a ƙarshe, ana wanke tanki tsakaninsu, mutum biyu kuma su riƙe leda ko kwali a gefen da iska ke kaɗawa. Safar hannu da takunkumi da doguwar riga ba ado ba ne.

Ƙirga ana yin ta da sassafe, kwana ɗaya kafin kowane feshi, a kan tsiro 9 na tsakiyar fangali kawai. 16 na kewaye masu gadi ne, su ke shan feshin da ya tsallako daga maƙwabta. A durƙusa a ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Tsutsar Plutella koriya ce, ba ta cika wuce santimita ɗaya ba, siririya a kai da wutsiya, kuma da an taɓa ta sai ta yi birgima da baya ta faɗo tana reto a jikin zare. Tana kankare ganye daga ƙasa ta bar fatar sama kamar tagar leda, daga baya wurin ya bushe ya huje. Akwai wata dabam, Hellula undalis, mai launin ƙasa-ƙasa da ratsi a tsawon jiki da baƙin kai, wadda ke shiga tsakiyar tsiro ta yi saƙa ta cinye idon. Guda ɗaya ta isa ta sa kabeji ya fito da ƙananan kawuna da yawa marasa sayuwa. A ba kowacce gurbinta a littafi, darɓa ma haka. Idan aka ga ɗan farin kwanso kamar ƙwayar shinkafa manne a ganye kusa da busasshiyar tsutsa, kada a murƙushe shi: na wata 'yar mitsitsiyar zanzaro ce da ke yin ƙwai a cikin tsutsar ta kashe ta. A ƙirga su su ma, domin maganin da ya kashe tsutsa ya haɗa da mai kashe ta yana iya barin lambu cikin halin da ya fi na da muni, kuma wannan gurbi ne kaɗai zai nuna hakan. Ba a cire tsutsar da aka ƙirga. Da fensir ake rubutu saboda jiƙa, kuma a ɗauki hoton shafin da waya kowane mako.

Irin da ke jure zafi yakan isa girbi tsakanin kwana 60 da 80 bayan dashe. A sare tara na tsakiya, a gyara su kamar yadda ake gyarawa don kasuwa, a ƙirga masu sayuwa, a auna nauyinsu a sikeli, kowane fangali da tulinsa da lambarsa. Sai a gayyato mai sayen kayan gwari wanda bai san taswira ba ya yi wa kowane tuli kuɗi, domin idonsa yana ganin abin da sikeli ba ya gani. A gefe kuma a tara abin da kowane magani ya ci, har da ladan daka da na feshi.

Wajen karanta sakamako kada a tsaya a matsakaici kaɗai. A jera lambobin rukuni-rukuni. A ƙaddara darbejiya ta fi fangalin shaida a rukuni huɗun duka: ko da babu wani bambanci na gaske, sa'a kaɗai tana iya kawo haka sau ɗaya cikin 16, saboda haka alama ce mai ƙarfi amma ba hukuncin ƙarshe ba. Idan ta yi nasara a biyu ta faɗi a biyu, babu abin da aka tabbatar, ko da matsakaicinta ya ɗara. A kuma duba ko tazarar da ke tsakanin magunguna ta fi wadda ke tsakanin fangula huɗun magani ɗaya. Ɗalibi zai ci gaba ya yi cikakken lissafin bambanci da manhajar R, wadda kyauta ce. Tazarar santimita 50 tana ba da tsiro 40,000 a hekta, amma a yi hattara da ninka nauyin kai tara zuwa hekta, domin ƙaramin kuskure yana kumbura tare da lissafin. Sakamakon da ya nuna babu bambanci shi ma a rubuta shi kamar yadda ya zo, a kuma karanta wa mai fili da maƙwabtansa da Hausa kafin a kai shi makaranta.

Tsutsar da aka kasa ganewa a sa ta a 'yar kwalba da sifirit na kemis, a rubuta rana da wuri, a kai wa masana ƙwari a jami'a ko a cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan. Gwajin kuma a maimaita shi a rani mai zuwa da sabuwar ƙuri'a, tun da yawan tsutsa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Wanda ya sami fili mai faɗi zai iya ɗora tambaya ta biyu a kai, wato dabarar da masu binciken kayan lambu a Bangalo ta Indiya suka fitar: layi biyu na mastad a gefen kowane layi 25 na kabeji, ɗaya a shuka kwana 15 kafin dashe, ɗayan kwana 25 bayansa, domin uwar tsutsar ta fi son yin ƙwai a kan mastad. Wannan gwaji ba ya yiwuwa a fangalin mita 2.5, yana bukatar manyan fangula masu nisa da juna, kuma dole a riƙa duba mastad ɗin ana kashe abin da ya taru a kansa, in ba haka ba tsutsar za ta girma a can ta dawo kan kabejin.